Munduwar Iya da Geron Tsuntsaye

Iya ba ta taɓa yarda da sikeli ba. In tana so ta san ko ɗanta yana lafiya, hannunsa take kamawa ta matsa, ta ji da yatsunta. Ko likita ya ce lafiya lau, in ta matsa ta ji ƙashi, to likitan nan bai san aikinsa ba. Haka ta raine mu a gidanmu na Birni, cikin Damagaram, kowa da shatin yatsunta a damtse.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, aka ba ni bursi, wato tallafin karatu, in je Turkiyya karatun haɗa magunguna. Baba ya ce alhamdu lillahi. Iya ta ce ba inda za ni. Ba tsoron in lalace take ba, ba kuma tsoron in ƙi dawowa ba. Tambayarta guda ce tak: me za ta ci? Ta san ni sarai, ni mutum ce mai zaɓen abinci. Ko gidan gwaggona da ke Kara-Kara na je wuni ba na taɓa tuwonsu, sai in dawo da yunwa in buɗe ƙwaryar furar Iya. To yarinyar da tuwon Kara-Kara ya gagare ta, ita ce za ta haye teku?

Aka yi ta ja-in-ja har Baba ya gaji, ya ce ta faɗi sharaɗinta. Washegari ta ja ni wurin maƙerin azurfa, ta cire munduwar da ta gada wurin uwarta, ta sa ya matse mini ita a hannun hagu daidai jikina. Ina da wani tabon ƙuna a tsakiyar hannun, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, tukunya ce ta yi mini shi tun ina ƙarama. Da muka dawo gida ta tsayar da ni gaban Baba, ta dangwala yatsa a kan tabon.

"Duk Juma'a za ki kira ni ta wayar hoto, ki ɗaga hannu sama in gani. Ranar da munduwar nan ta zame ta wuce tabon nan, kin gama karatu. Ki tattaro komatsanki ki dawo."

Na dubi Baba ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce ya ji, kuma shi ne shaida. Baba kuwa in ya ce ya ji, magana ta ƙare ke nan.

Guzurin da ta haɗa mini ya isa a buɗe ƙaramin shago: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, sai wani ƙaton ƙullin garin gero da ta surfa ta niƙa da kanta. A filin jirgin Yamai aka ɗora akwatina a sikeli aka ce ya wuce kima. Kawuna da ya raka ni ya buɗe, ya laluba abin da ya fi nauyi ya zare. Ina tsaye ina kallo garin Iya ya koma motar kawu. Da labari ya kai gida, Iya ta ce ai dama ta faɗa, sikeli ba abin arziki ba ne.

Garin da aka kai ni ba babban birni ba ne, wani gari ne can cikin duwatsu mai sanyin tsiya. Safiyar farko na sauka resto, wato inda ɗalibai ke cin abinci, aka ajiye mini faranti: zaitun ƴan ƙwayoyi, cuku, tumatir ɗanye, burodi, da shayi a wani kofi ɗan mitsitsi. Na naɗe hannu ina jiran a kawo abincin. Na daɗe ina jira kafin na lura kowa ya ci wannan ya tashi. Da rana aka ba mu miya a kwano da cokali. Na duba dama, na duba hagu, babu tuwo, babu ko dalilinsa. Wai miyar ake sha haka nan zallarta, ikon Allah!

Kada in ɗauki alhakin mutane, abincinsu ba laifi, sun iya girki, ga tsabta. Cikina ne baƙauye. Tun da aka yaye ni fura ce ke riƙe da ni, safe da rana, in ban sha ta ba ko rago na cinye sai in ji kamar ban ci komai ba.

Kayan miyar da na zo da su ma ba su yi nisa ba. Akwai ƴan ƙasarmu biyu da suka riga ni zuwa, ɗaya ƴar Takieta ɗaya ƴar Maraɗi. Tun ranar da ƙamshin daddawa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, suka zama masu zumunci na ban mamaki. Kullum sai sun zo gaishe ni da baƙunta, kuma ba sa tashi zuwa sai tukunya na kan wuta. Da kuka ta ƙare, gaisuwar ta ragu. Na tambayi ƴar Takieta inda ake samun gero, ta ce sai Istanbul, shagon ƴan Afirka, tafiyar wuni guda a mota, kuma kuɗin ƙulli ɗaya sai ya lashe bursin mako. Ta ce in haƙura da burodi kamar kowa.

Na haƙura, amma munduwa ba ta haƙura ba. Ta fara sauka sannu a hankali. Duk Juma'a sai na yi dabara: in karkatar da hannu, in dunƙule shi don naman ya kumbura, in cusa bakin riga ƙarƙashinta. In abin ya ƙi, sai in daskare a gaban waya kamar hoto, in ce rezo ne, wato layin waya, ba kyau. Iya ba ta yi lakkwal ba, ko aji ɗaya na boko ba ta shiga ba, amma ba a yi mata wayo.

"Rezon da ke barin idonki yana ƙiftawa? Janye rigar. Miƙe hannun. Girgiza."

Na girgiza. Munduwa ta sulalo ta tsaya dab da tabo. Iya ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Saura yatsa ɗaya," in ji ta, ta kashe.

Ranar na yi kuka ba na wasa ba. Ina son karatun nan. Na fara jin harshensu, na fara shiga ɗakin gwaje-gwaje da farar riga, har malama ta yaba hannuna. A ce duk wannan ya tashi a banza saboda faɗin yatsa ɗaya! Na zauna na tura burodi da man shanu ina hawaye, yana tsaya mini a wuya.

Washegari na shiga tsohuwar kasuwar garin neman safa mai kauri. Ina cikin tafiya sai na ji kukan tsuntsaye, sannan wani ƙamshi ya bugi hancina, irin na cikin rumbu. Na ja na tsaya. Wani ɗan shago ne cike da keji tun daga ƙasa har rufi, ga tsuntsaye shuɗɗa da korra da rawaya suna ta tsalle. A bakin ƙofa buhuna ne jere, an nannaɗe bakinsu. Na tsoma hannu cikin ɗaya, na ɗebo, na shinshina, na jefa ƙwaya a baki na tauna. Gero ne. Ya fi namu haske, ya fi shi mulmuluwa, amma wallahi gero ne. A jikin buhun an buga hoton aku.

Sai an san inda na fito za a gane abin da na ji. Baba baduku ne a cikin gari, amma duk damina Zermu yake komawa, gonar ubansa. Mu kuma da an ba da bakansi, wato dogon hutun makaranta, sai a kwashe mu a kai can. In gero ya fara ƙosawa, aikinmu guda ne: korar janbaki, tsuntsayen nan masu saukowa garke guda su share zangarniya kafin ka ƙifta ido. Tun asuba ina kan dakalin itace a tsakiyar gona, ina jan igiya mai gwangwanaye, ina wurga majajjawa, ina ihu har murya ta dushe. Ladana tumu ɗaya gasasshe da yamma. Tun ina ƙarama na san duniya kashi biyu ce: mu masu gero, da tsuntsaye ɓarayinsa. Yau ga ni a ƙasar da ake saya wa ɓarawo gero da kuɗi, a zuba masa a kwano, a ajiye masa ruwa a gefe.

Mai shagon ya fito, wani tsoho mai farin gashin baki da hula saƙaƙƙiya. A can duk dattijo kawu ake ce masa, shi kuma ya ce maka ɗana ko ƴata. Ya yi murmushi ya ɗauko leda.

"Tsuntsu nawa gare ki, ƴata?"

Na buɗe baki in ce ni zan ci, sai na fasa. A makon nan ne wata ƴar ajinmu ta tambaye ni wai ko a ƙasarmu muna da gidaje, na wanke ta tas, na nuna mata hoton fadar Damagaram, na ce mu da birni da ganuwa tun kakannin kakanni. To bayan wannan cika bakin, yau in tsaya a tsakiyar kasuwa in ce abincin aku ne abincinmu? Ina! Na ɗaga yatsu biyu.

Ya auna mini kilo guda, kuɗinsa bai kai na burodin kwana biyu ba. Na rungume ledar na fita da sauri kamar wadda ta yi sata.

Aiki kuma sai ya dawo sabo, don geron tsuntsu ba a surfe yake ba, ga shi babu turmi babu taɓarya. Abokiyar ɗakina, wata ƴar ƙasar mai kirki da yawan barci, tana da ɗan injin niƙa gahawa. Na roƙa ta ara mini. Na niƙa cokali uku-uku, injin yana zafi ina hura masa iska, na tankaɗe da mayafina don babu rariya. Citta da kanumfari da barkono kuwa ba wuya, masu kayan ƙamshi sun cika kasuwa. Na cura, na dafa, na zuba a tukunya na kirɓa da gindin kwalba har mai kula da gidan ta hau bene ta ga wa ke rushe gini. Nono dai Allah ya hore musu, mai kauri, ga araha.

Da na dama na kai ludayin farko baki, ba ludayi ba ne ma, cokalin miya ne, sai na zauna a ƙasa dirshan. Ba ta kai ta Iya ba, ko kusa. Akwai ɗan ɗaci-ɗacin dusa, ga ƙamshin gahawa yana leƙowa ta baya. Amma da ta sauka cikina sai na ji jikina ya saki, kamar an sauke mini tulu daga ka. Abokiyar ɗakina ta ɗanɗana ta ce da daɗi, ta tambayi sunan hatsin. Na faɗa mata da Hausa, na bar ta a nan.

Ba a jima ba munduwa ta daina sauka, daga baya ma ta fara komawa inda ta fito. Iya ta lura. Ta tambayi me nake ci, na ce fura. Ta ce ina na samu gero, na ce a kasuwa. Ai ban yi ƙarya ba, shagon a kasuwa yake.

Zumuncin ƴar Takieta da ƴar Maraɗi kuwa ya farfaɗo nan take. Da suka matsa na gaya musu inda nake saye, ƴar Takieta ta yi salati ta ajiye kofi, ta ce ita ba za ta sha abincin aku ba. Ta zauna tana kallonmu muna sha. Can ta ce a zuba mata kaɗan ta ji ko ya yi tsami. Ita ce ta shanye ta ƙarshe har da lashe kofi. Amma zuwa shagon, dukansu suka ce ni na saba da tsohon, ni zan ci gaba.

Baki uku ba ɗaya ba ne. Kilo ɗaya ya zama uku, uku ya zama biyar. Kawu mai tsuntsaye ya fara dubana ta saman tabarau.

"Ƴata, tsuntsu biyu ne ke cin wannan duka?"

Na ce sun yi ƙyanƙyasa. Tsohon ya yi murna kamar an yi masa jika. Ya ba ni ɗan madubi da ƙararrawa kyauta, wai in rataya musu. Zuwa na gaba ya tambayi launinsu. Ni kuwa tsuntsu ɗaya na sani ciki da waje, sai na siffanta masa janbaki: ƙanana, ruwan ƙasa, baki ja, ga ci kamar gobara, ba sa tafiya sai da dangi. Ya ce bai taɓa ganin irinsu ba, lallai masu tsada ne. Na ce ƙwarai, a ƙasarmu ba ƙaramar dukiya suke ci ba. Ya tambaya ko suna waƙa. Na ce a'a, mu ne muke yi musu.

Daga nan duk zuwa sai ya tambayi lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya. Ko suna jin sanyi? Ko gashinsu na zuba? Na ce ɗaya dai ta fi sauran ci, ƴar Takieta nake nufi. Ya ce wannan ita ce uwar, in ƙyale ta. Ya roƙi hoto, na ce ba sa son waya. Ina fita ina dariya, amma can cikin raina ba daɗi, don tsohon da zuciya ɗaya yake yi.

Kirkinsa ne ma ya kusa kashe ni. Wata rana ana tsakiyar sanyi, ga jarrabawa ta matso, na je sai ya tarye ni da fara'a ya ce ya yi mini wani abu. Tunda tsuntsayena masu yawan ƙwai ne, gero zalla ba zai riƙe su ba. Don haka ya zauna da kansa ya gauraya duk buhun da yashi mai laushi, da dakakken ɓawon katantanwa, da wasu ƴan ƙwayoyi ja da kore na ƙarin jini. Bai ƙara ko sisi a kuɗin ba. Kuma wannan ne buhun gero zalla na ƙarshe a shagon, sauran duk dama a gauraye suke zuwa.

Na ce na gode. Har da ɗan rusunawa.

Muka baje shi a tire mu uku, muka wuni muna tsince. Tsintar tsakuwa a gero ai gadonmu ne, amma wannan yashi ne da aka zuba da niyya, da hannun gwani. Muka wanke, muka rege, muka sake regewa. Duk da haka furar da ta fito ƙaras-ƙaras take yi a haƙori. Ƴar Maraɗi ta tofar, ƴar Takieta ta dafe muƙamuƙi ta ce in dai ba ƙwai ake so ta fara sakawa ba, ita ta tuba. Muka koma burodi. Ga sanyi, ga karatun jarrabawa, ga rashin ci. Munduwa ta kama hanyar tabo ba ko waiwaye.

Ranar wata Juma'a da safe na ɗaga hannu gaban madubi, na ga abin da Iya za ta gani. Na ce to, ko dai kunyar tsoho, ko jirgin Yamai. Akwai ɗan ragowar garin gero mai kyau na da da na ɓoye wa su ƴar Takieta. Na dama shi a kwano, na rufe da faranti, na ɗauka na nufi kasuwa.

Na ajiye kwanon a kan teburinsa na buɗe.

"Kawu, na kawo maka tsuntsun ka gani."

Ya leƙa kwanon, ya leƙa bayana, ya dube ni. Na nuna kaina. Na tattaro duk Turkancin da na mallaka na yi masa bayani: babu tsuntsu, ba a taɓa yin tsuntsu ba, mu uku ne, ɗalibai, wannan shi ne abincinmu tun kakanni, ubana da hannunsa yake noma shi. Ina magana, amma na riga na shirya in ya yi dariyar raini in kwashe kwanona in fita, ko da kuwa ƙarshen karatuna ke nan.

Ya sake leƙa kwanon. Sannan ya ce, "Wadda ta fi sauran ci fa?"

Na ce ƴar Takieta ce, tana shekara ta uku a karatun injiniya.

Ai sai tsohon ya fashe. Ya yi dariya har ya zauna a kan buhu yana share hawaye da hularsa, tsuntsayen shagon kaf suka ɗauka da ihu. Can kuma sai ya tsaya cak, fuskarsa ta canza, ya dafe kai.

"Yashi na ba ku! Ƴaƴan mutane, na ba ku yashi!"

Ya ce me ya sa ban faɗa ba tun farko, da ya sa dillalinsa ya kawo mini wankakke, wanda ba a zuba wa komai ba. Ya ɗauko cokalin shayinsa ya ɗebi furar ya kai baki, yana juya ta a harshe. A daidai nan wayata ta yi ƙara. Iya ce, yau ba ta jira in kira ta ba. Kiran Iya kuwa ba a barinsa ya katse, hannuna ya amsa kafin kaina ya yi tunani.

Abin da Iya ta gani shi ne: ƴarta a tsaye, bayanta keji sama da ƙasa, tsuntsaye na ta kururuwa, ga wani tsoho da fura a gashin baki ya leƙo yana ɗaga mata hannu yana sallama.

"Ke! Ina ne nan? Wane ne wannan? Furar wa yake sha?"

Ƙaryata ta riga ta ƙare ranar, ban da ko guda a ajiye. Na juya wayar na nuna mata buhun da hoton aku, na gaya mata komai.

Iya ta yi salati mai tsawo, ta ɗora hannu a ka.

"Malam! Malam! Fito ka ga inda ka kai ƴarka! Abincin tsuntsu take ci! Ni da na surfa na niƙa da hannuna, ƴata ce ke rabon kwano da aku! Wallahi ta dawo. Ba ruwana da munduwa, gobe ta dawo!"

Na san muryar nan, ba ta wasa ba ce. Baba ya fito daga zaure da shirin masallaci, ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska yadda ya saba. Ya ce in juya ya ga wurin, a hankali. Na bi da shi keji bayan keji. Ya ga tsuntsaye zaune kan ƴan sanduna, kowanne da kwanon gero a gabansa, wani ma ya ƙoshi har yana watsar da shi da ƙafa.

"Wa ke korarsu?"

"Ba a korarsu, Baba. Saya musu ake yi."

"Saya," in ji shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tamu yana faɗa da janbaki, ban san abin da ke yawo a kansa ba. Ya ce in ɗebo a tafin hannu in matso da shi. Ya ƙura ido.

"Ba namu ba ne. Ɗan uwansa ne dai, bai sha rana ba. Ɗaga hannun."

Na ɗaga. Na girgiza tun kafin a ce. Munduwa ta sulalo, ta sulalo, ta zo ta tsaya a bakin tabo, ta taɓa shi amma ba ta haye ba. Baba ya juya wayar ya nuna wa Iya.

"Sharaɗinki munduwa ce, ni ne shaida. Ba ki ce daga wane shago ba." Sannan ya dawo da fuskarsa gare ni. "Shekara nawa kina kan dakali a Zermu suna ci mana? Sun ci namu, ki ci nasu. Ki ci da kyau, ƴata, kada ki rage musu."

Iya ta fizge wayar ta kashe. Kawu mai tsuntsaye, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya tambaye ni me aka ce. Na ce an ce in zauna. Ya tura mini kwanon ya ce to in shanye, shi a ganinsa da an ƙara sukari.

Juma'o'in da suka biyo baya Iya ba ta yi mini hira ba. "Ɗaga." In ɗaga. "Girgiza." In girgiza. Ta kashe. Ni kuwa ga wankakken gero daga dillalin kawu, hannu ya ciko har munduwa ta fara barin shati. Sai wata rana wani Bakano mai shago a kasuwar Dole ta Damagaram, wanda ke zuwa Istanbul sarin kaya, ya kira ni ya ce yana da saƙona, zai sa a motar garin da nake karatu. Da na buɗe, ƙulli biyu ne na geron Zermu, surfaffe, wankakke, an ɗinke bakin kowanne da zare irin ɗinkin Iya. Na kira ta ina murna, na ce amma me ya sa biyu?

"Ɗaya naki. Ɗayan ki kai wa tsohon nan ya zuba wa tsuntsayensa. Ba za a ce ƴata ta je ƙasar mutane ta cinye wa tsuntsaye abinci ba a mayar musu ba. Mu ba mayunwata ba ne."

Na kai. Tsuntsayen suka yi masa rubdugu, kawu ya ce bai taɓa ganin sun ci abu haka ba. Baba bai san da ƙulli na biyu ba sai daga baya. Geron da ya noma da hannunsa, ya tsare shi daga janbaki damina guda, a ce an biya masa kuɗin jirgi an kai wa tsuntsaye har gida! Har yau in aka tayar da zancen, sai ya ɗauki buta ya ce lokacin salla ya yi.

Da na gama karatu na dawo, motar Yamai ta sauke mu a tasha da la'asar. Na hango Iya cikin masu tarya, ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Na taho da gudu zan rungume ta, ta tare ni da hannu ɗaya. Ta kamo hannuna na hagu, ta janye rigar, ta tura munduwar da babban yatsa. Ko motsi ba ta yi ba. Ta sake turawa da ƙarfi, ta matsa naman, ta matsa kuma.

A nan ne na lura da nata hannun. Inda munduwar ta zauna shekara da shekaru kafin ta ba ni, ƙashi ne zalla, yatsuna biyu za su zagaye shi. Gwaggona ta Kara-Kara, da ta rako ta tasha, ta raɗa mini a kunne cewa tun ranar da na tafi, in aka dama fura sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta ce ba ta san ko na samu ba.

Aka ɗora akwatina a kan babur aka yi gaba da shi. Mu muka taka da ƙafa har Birni, tana riƙe da wuyan hannuna, ni ma na riƙe nata.